Kishiya a Bayan Lungu: Nazari a Kan Raha da Ha'inci a Wasan Goodnight Sweetheart

Akwai barkwancin da ke ƙetare teku lafiya, akwai kuma wanda ke isowa da rauni. Wasan talabijin na Goodnight Sweetheart, wanda Laurence Marks da Maurice Gran suka ƙirƙira, BBC kuma ta nuna daga 1993 zuwa 1999, yana cikin kashi na biyu idan ya iso ƙasar Hausa. Ina ganin raunin nan nasa ne ya fi cancantar nazari, domin yana fallasa abin da dariyar Turawa ta lulluɓe.

Tauraron wasan, Gary Sparrow, wanda Nicholas Lyndhurst ya fito a matsayinsa, mai gyaran talabijin ne a Landan. Wata rana ya ɓace hanya a gabashin birnin, ya ratsa wani lungu mai suna Duckett's Passage, sai ga shi a shekarar 1940, lokacin da jiragen Jamus ke yi wa Landan ruwan bama-bamai. A can ya haɗu da Phoebe, 'yar mai mashayar Royal Oak, alhali ya baro matarsa Yvonne a zamaninsa. Daga nan ya shiga zirga-zirga. A wurin Phoebe shi jami'in leƙen asiri ne kuma mawaƙi, yana rera waƙoƙin Beatles da ba a riga an rubuta ba yana cewa nasa ne. A wurin Yvonne kuwa kullum aiki ne ya riƙe shi. Daga bisani Phoebe ta sami ciki, ya aure ta, suka haifi Michael. Amininsa Ron Wheatcroft, mai sana'ar ɗab'i, shi kaɗai ya san sirrin.

Ginshiƙin rahar doka ce. A Ingila, dokar 1861 ta mayar da auren mace ta biyu a kan ta farko laifin da ɗaurinsa kan kai shekara 7. Marubutan sun gano wata kafa a jikin dokar: ranar da Gary ya auri Phoebe ba a haifi Yvonne ba, to wa aka yi wa kishiya? Gary kan kare kansa da cewa matan nasa ba zamani ɗaya suke ba, Ron kuma ya mayar masa da cewa wannan shi ne irin uzurin duk mai aikata laifin. Baturen da ke kallo yana dariya ne saboda an taɓa haramtaccen abu ba tare da an ƙone ba.

To, a ɗauko wannan a ajiye a majalisar dattawa a Jega ko Maiyama. Mata biyu? Mai kallo zai jira a zo wurin abin dariyar, har a tashi bai ji shi ba. Shari'a ta halatta har huɗu bisa sharaɗin adalci, kuma sai wanda ya ɗaura auren rajista ne dokar Nijeriya ta hana wa ƙari. Rabin ginin wasan ya rushe ke nan. Abin mamaki, ragowar rabin ya fi tsayuwa da ƙafarsa, kuma ya fi muni. Da zarar an cire tambayar "nawa ne matan", sai a bar mutum da tambayar "me suka sani", amsar kuwa ita ce ba su san kome ba. Auren Bahaushe da shela ake yin sa: waliyyi, shaidu, goro, maroƙi, har da kayan faɗar kishiya da ake kai wa uwargida don a sanyaya mata rai. Wannan al'ada, duk da ba ta hana hawaye, tana amsa cewa uwargida mutum ce da ake bin ta bashin labari. Yvonne ko wannan ba ta samu ba. Phoebe kuma ta auri mutumin da aikinsa da tarihinsa, har waƙoƙin da ya sace zuciyarta da su, duk na aro ne.

Mu a nan mun san wannan mutumin, kuma bai taɓa buƙatar lungun tsafi ba. Shi ne falken da ke loda albasa a Aliero ya nufi kurmi, ya yi wata biyu, ya dawo da tsaraba da gajiya, sai ranar rabon gado wata mata ta sauka a tasha da yara uku masu kama da shi. Nisan hanya ya yi masa abin da shekaru hamsin suka yi wa Gary. Shi ya sa nake karanta tafiyar zamani a wannan wasa a matsayin mafarkin mai auren ɓoye: gari na biyu wanda ba mota mai zuwa, ba ɗan'uwan matarka da zai gan ka a kasuwa. Hatta guje-gujen da Gary ke yi, ya tashi daga wannan shimfiɗa ya faɗa waccan yana duban agogo, rabon kwana ne da aka cire wa ransa, domin rabon kwana haƙƙi ne da mace ta san da shi har take iya kai ƙara a kansa.

Akwai wata gaɓa da ta ja hankalina game da kuɗi. A ƙissar Ashabul Kahfi, wadda ita ce tafiyar zamani da kowane almajiri ya sani, malaman tafsiri sun ce tsohon kuɗin azurfar da ɗayansu ya kai kasuwa ne ya tona cewa shi mutumin wani zamani ne. A nan an juya abin. Ron ne ke buga wa Gary jabun takardun fam biyar irin na da, da su yake zama mai yalwa a cikin mutanen da ake auna wa abinci da kati. Kuɗi ya zama mayafi. Talakan mai gyara a 1993 ya zama babban mutum a 1940 ba don ya ƙaru da kome ba, sai don ya san gobe. Wannan ita ce gaɓa mafi gaskiya a wasan, kuma marubutan sun cancanci yabo a kanta: sun gane cewa abin da Gary ke so a wurin Phoebe shi ne yadda take ɗaga kai ta dube shi. Yvonne mai buri ce, ta yi karatu, ta kafa kamfanin kayan kwalliya har ta zama attajira, kuma gwargwadon ɗaukakarta gwargwadon yadda mijinta ke ƙara daɗewa a bayan lungu.

Inda na saɓa da su shi ne fitowa ta ƙarshe a 1999, mai suna "Accentuate the Positive". Ranar da aka gama yaƙi a Turai a watan Mayu na 1945, Gary ya ceci ran Clement Attlee, wanda zai zama firaministan Birtaniya, sai ƙofar zamani ta rufe, ya maƙale a wurin Phoebe. Ma'anar da aka ba mu ita ce duk wannan kai-kawo ƙaddara ce ta aiko shi don ya yi wa ƙasarsa aiki. Da alƙalami ɗaya an wanke ƙaryar shekaru shida. Bai zaɓa ba, bai saki ba, ba a tsayar da shi gaban kowa ba; bango ne ya yanke hukunci, kuma ya yanke masa wanda zuciyarsa ke so. A kwatanta da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, inda Alhaji Abdu ya wulaƙanta Rabi saboda amarya, marubuciyar kuma ta tsaya a ɗakin wadda aka zalunta ta ƙirga mana abin da ta rasa, har ranar da alhaki ya cim ma mai shi. Ana iya cewa wancan littafi ne na gyaran hali, wannan kuwa wasan raha ne, ba a neman wa'azi a wurinsa. Na yarda, amma ai raha ma tana da gefe. Ibro ya sha fitowa a mijin da ƙaryarsa ta rutsa da shi, kuma shi ake yi wa dariya. A Goodnight Sweetheart tare da Gary ake dariya, kyamara a kafaɗarsa take, mu 'yan kallo an mayar da mu Ron, masu riƙe sirri da tayin uzuri.

Abin da Yvonne ta samu a ƙarshe shi ne saƙon ban kwana da Gary ya rubuta a bangon wani gida a unguwar Mayfair, ya kwana shekara hamsin da ɗoriya a ƙarƙashin takardar ado kafin ita da Ron su karanta. An shirya wurin don ya sa ƙwalla, kuma yana sawa. Sai dai ni tambayar alƙali ce ta zo mini: mene ne matsayin wannan mata? Ba a sake ta ba, ba ta ga gawa ba. Da a kotun Jega ne, da hukuncin matar wanda ya ɓace za a yi mata bisa mazhabar Malikiyya: ta jira shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10.