Nacho Libre: Dariya Da Ɗan Kokawar Meziko, Da Abin Da Ke Bayanta

Fim ɗin Nacho Libre ba sabo ba ne, tun 2006 ya fito, amma har yanzu yana yawo a wayoyin matasan unguwar nan, wannan ya tura wa wancan. Wanda bai jin Turanci ma zai iya kallonsa ya yi dariya har hawaye, don rabin barkwancin a jiki yake: faɗuwa, zare ido, da tumbin Jack Black cikin matsattsen wando.

Labarin gajere ne. Ignacio, wanda ake kira Nacho, kuku ne a wani gidan marayu na coci a jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko. Kuɗin cefane ba ya isa, abincin da yake dafa wa yaran ko kare sai ya yi tunani kafin ya ci. Sai ya rufe fuska, ya shiga kokawar kuɗi a ɓoye, shi da wani siririn ɓarawon titi mai suna Esqueleto. Kullum kāshi suke sha, amma ko an kayar da kai ana biyanka, da haka tukunyar marayu ta fara ganin kayan miya. Kuma ba ƙirƙira ba ce zalla. Akwai wani limamin coci a Meziko, Sergio Gutiérrez Benítez, da aka fi sani da Fray Tormenta, wanda ya shafe fiye da shekara 20 yana kokawa da fuska a rufe don ya ciyar da marayun da ke hannunsa.

Duk wanda ya tashi a zamanin kaset ɗin bidiyo, fim ɗin nan zai taɓo masa wani wuri. Kun tuna gidan kallo, a biya kuɗi a zauna kan benci a kalli su Hulk Hogan da Undertaker, washegari a je kan yashin magina a gwada abin da aka gani, wani ya koma gida da targaɗe ya ce faɗuwa ya yi? To Nacho wannan yaron ne, sai dai shi ya girma bai daina ba. Hatta kayan kokawarsa na farko tsince-tsince ne, kamar na 'yan tashe da azumi. Ga kuma masarar da Esqueleto ke yawo da ita a tsinke. Ba abin mamaki ba ne, don asalin masara daga Meziko take, mu aro muka yi muka riƙe.

Inda fim ɗin ya fi burge ni shi ne wurin ƙwan gaggafa. Da shan kāshi ya ishe su, sai aka ce wa Nacho in ya hau wani dutse ya sha ɗanyen ƙwan gaggafa zai sami ƙarfinta. Ya hau, ya sha, ya koma fili aka sake lakaɗa masa duka. Wanda ke zuwa gidan damben Ali Zuma a Dei-Dei ba sai an yi masa bayani ba. Ka ga ɗan dambe ya fito da layu da kambu har hannu ba ya lanƙwasuwa, makaɗa na zuga shi, kirari kamar zai tsaga ƙasa, turmin farko a shimfiɗe shi. Su ma mutanen Meziko ba su ɗauki kokawarsu, da suke kira lucha libre, da wasa ba. A cire wa ɗan kokawa abin rufe fuskarsa a gaban jama'a babban tozarci ne, kuma shahararrensu El Santo da ya mutu a 1984 da nasa aka binne shi. Wanda ya fito a matsayin Ramses, mugun fim ɗin, ɗan kokawa ne na gaske, Silver King, kuma a cikin fili ya faɗi ya mutu a Landan a 2019.

Ni dai ina kallon Nacho, marigayi Rabilu Musa Ibro nake gani. Talaka mai cika baki, aljihu wayam, buri kamar na sarki, a kunyata shi yau gobe ya dawo da sabuwar dabara. Tun rasuwar Ibro a Disamban 2014, Allah Ya jiƙansa, ba mu sami wanda ya iya wannan rawar kamarsa ba.

Sai dai akwai bambanci, kuma a nan ne dariyar ta ɗan tsaya mini a wuya. Ibro in ya fito a mai gadi ko ɗan ƙauyen da ya shigo birni, kanmu yake yi wa dariya, daga cikin gida. Shi kuwa Jack Black Ba'amurke ne, darakta Jared Hess ma haka, kuma wani kaso mai yawa na barkwancin kwaikwayon yadda ɗan Meziko ke karya Turanci ne. Kyamara takan tsaya kan fuskokin talakawan gari, mai giɓi, mai ƙaton ciki, kamar ganinsu kaɗai ya isa abin dariya. Gaskiya an ɗauki fim ɗin a Oaxaca, yawancin 'yan wasan ma 'yan ƙasar ne, irin su Héctor Jiménez da Ana de la Reguera, amma wanda ke riƙe da ludayin baƙo ne.

Kafin mu ce Turawa ba su kyauta ba, mu waiwayi namu. Finafinan barkwancinmu cike suke da ɗan Gwari: a sa masa tsumma, a ɗora masa kaya a kafaɗa, ya yi ta karya Hausa muna shewa. A Kano wataƙila ba wanda zai damu. A Abuja fa? Gbagyi muka tarar a nan, a ƙasarsu muka kafa unguwanninmu, da su muke cin kasuwa, 'ya'yanmu da nasu aji ɗaya. Yaron da ya saba ganin Bagwari a matsayin wawan fim, me zai kira abokin zamansa in faɗa ya haɗa su? Wasu za su ce ai wasa ne irin na taubasai. To amma wasan taubasai kowa na ramawa, a fim kuwa ɓangare ɗaya ne ke da kyamara.

Abin da ya ceci Nacho Libre shi ne bai bar Nacho a wawa ba. Ya fara kokawar don son suna da kayan ƙawa, har ya manta da cefanen yara, daga baya ya dawo hayyacinsa, ya kayar da Ramses, ya saya wa marayun mota ya kai su yawon buɗe ido. Ɗan Gwarin finafinanmu ba kasafai ake ba shi irin wannan damar ba.

Ga iyaye: za a iya kallonsa da yara, sai dai akwai maza tsirara daga ƙugu zuwa sama, da 'yar soyayyar da Nacho ke yi wa sistar coci. Kuma ku sa ido kan katifa, don ƙananan sai sun gwada tsallen.