MAKIN RUFE BAKI

'Yan uwana mata. Yau ƙorafina a kan malamai ne, amma ku gyara zama don mu ma maganar ba za ta bar mu ba.

Duk ƙarshen zango idan aka raba sakamako, a Auyo ne ko Haɗeja ko Kafin Hausa, ba a rasa uwar da za ta yafa mayafi ta nufi makaranta da takarda a hannu. "Malam, yaya aka yi 'yata ta ɗauki ta ashirin, alhali bara ta biyar ta zo?" Idan ta zo sau ɗaya, sau biyu, sau uku, shi ke nan an sa mata suna fitinanniya. To a nan ne da yawa daga malamanmu ke kwafsawa, kuma hanya biyu suke bi.

Wani sai ya ɗaure fuska ya ce, "Hajiya, ke kika yi karatun ko ni?" Ya kunyata ta gaban yara, ta koma gida da ɓacin rai, har ta fara tunanin cire yarinyar ta ɗora mata talla. Wani kuma ba ya son hayaniya, sai ya ɗauki biro ya ƙara maki goma, ya ce ta yi haƙuri kuskure ne. Wallahi wannan na biyun ya fi cutarwa, duk da shi ne ake yi wa godiya har da aiken ƙwai da kifi.

Dalili kuwa, makin da aka ba uwa don a rufe mata baki iyakarsa ƙofar makarantar. Ranar da yarinya ta zauna jarrabawar WAEC, ko ta NECO da aka kafa a 1999, takardarta wani wuri za a kai, wanda zai duba bai san ta ba, bai san gidansu ba. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Shekara shida ana yi wa uwa daɗin baki, rana ɗaya gaskiya ta fito, lokacin gyara ya wuce.

Abin takaicin shi ne amsar tana hannun malam. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4, maki ya daina zama na jarrabawar ƙarshen zango kaɗai. Akwai gwaje-gwajen cikin zango da ake kira C.A., waɗanda a makarantu da yawa ke ɗaukar maki 30 ko 40 cikin 100. Yarinyar da ba ta zo ranar gwaji ba, ko ta fi kowa ƙwaƙwalwa, ta yi asarar wannan kason. A ƙasarmu ta bakin kogi kuwa dalilan fashi ba su da wuyar samu: yankan shinkafa, korar tsuntsu a gona, cin kasuwa, ga ambaliya irin ta 2020 da 2022 da ta raba mutanen Auyo da gidajensu. Mene ne wahalar malam ya ba uwa kujera, ya buɗe rajista ya nuna mata kwanakin da 'yarta ba ta zo ba, ya ɗauko takardar da ta rubuta su duba tare? Idan shi ya yi kuskuren lissafi ya gyara, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Idan babu kuskure ya tsaya kan gaskiyarsa cikin mutunci. Uwar da ta tako har makaranta ta damu da karatun 'yarta ne, irinta ake nema a taron iyaye da malamai a rasa.

Mu kuma iyaye, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Mu daina tambayar "ta nawa ta zo?" don gasa da 'yar kishiya ko ta maƙwabta. Ki zaunar da ita ta karanta miki shafi ɗaya, ko ta lissafa miki cinikin ƙosai. In kin je wurin malam ki ce, "Malam, ina ne ta gaza, me zan yi mata a gida?" Ki je tun tsakiyar zango, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba malamanmu haƙuri da riƙon amana, Ya shirya mana zuri'a, amin.