Ina Laifin Mai Karatun Faransanci?

'Yan'uwana mata, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yi wa yarinya dariya in ta ce Faransanci take karantawa a jami'a. Wai me za ta ci da shi? Haba jama'a! Nijar, Cadi, Kamaru da Jamhuriyar Benin duk maƙwabtanmu ne, kuma da Faransanci ake cike takardu a ofisoshinsu. Ko da Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa a 2025, Faransanci bai bar ofis ba. Ga Hajiya mai saro atamfa a Kwatano, tana sa hannu a takardar kwastan ba ta san abin da ke ciki ba. Da 'yarta ce ke karanta mata fa? Don Allah ku bar yaran nan su yi karatunsu. Allah ya ganar da mu.