Haruffa Masu Ɗigar Jini Ba Tsoronmu Ba Ne

A Briqueterie, unguwar Hausawa a Yawunde, masu zana fosta sun kamu da son haruffan nan masu ɗigar jini. Fim ɗin aljanu ne ko labarin mayu, da jan rubutu mai tsiyaya ake tallarsa. Ni dai a ganina rigar aro ce, ba ta zauna mana ba.

Salon na Turawa ne, irin na fostar The Rocky Horror Picture Show ta 1975. Tsoronsu wuƙa ne da gawa. Namu fa? Maye kurwa yake kamawa, mutum ya yi ta ramewa ba ɗigon jini ko ɗaya. Doguwa ɓarin jiki take shanyewa a shiru. Balle a unguwar mahauta da masu tsire, wa jini zai razana?

Ga wata ɓarnar: yawancin haruffan nan ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Sai "Baƙin Aljani" ya koma "Bakin Aljani", mai karatu ya tuntsire da dariya.

Masu zane su gwada siririn rubutu mai dusashewa, kamar tawadar allon da ba a gama wankewa ba. Shi zai tayar wa Bahaushe da tsikar jiki.