Daɗin Waƙar da Ba Kowa Ya Sani Ba

Son waƙar da ba a jin yarenta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun lokacin da finafinan Indiya suka mamaye siliman Kano, samari ke haddace waƙoƙin Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar, har masu bege suka ari karinsu suka ɗora yabon Manzo a kai. Sai dai wannan so ne na gari guda, kowa na ciki. Akwai wani so na daban, na mutum ɗaya ko biyu a unguwa, wanda wata murya ta kama shi a rediyo, ya yi ta bin sawunta shekara da shekaru.

Gabon ta shayar da irin waɗannan masoya. A 1981 gidan rediyon Africa N°1 ya fara aiki daga Libreville, na'urorinsa na gajeren zango kuwa a lokacin suna Moyabi, can kudu maso gabas, yankin da a yau jirgin ƙasa ke kwaso manganis ya sauke a tashar ruwa ta Owendo. A wancan zamani daga can sauti ke keta daji har ya iso Maraɗi da Katsina. Mai sauraro zai rungume akwatin rediyo, yana murza shi a hankali kamar mai cire ƙaya, shuuu na tashi yana kwantawa, yatsa na kan maɓallin ɗauka, kaset na jira. Sau da yawa mai gabatarwa zai faɗi sunan mawaƙi da Faransanci cikin sauri, sai a rubuta abin da kunne ya kama a bayan kaset, ko daidai ko akasin haka.

Ta wannan hanya wasu suka san mawaƙan Gabon irin su Pierre Akendengué, da Oliver N'Goma, ma'aikacin ɗaukar hoto a talabijin ɗin Gabon, wanda waƙarsa "Bane" ta zagaye Afirka a farkon shekarun 1990. A Owendo ko Yamai sunan N'Goma ba ɓoyayye ba ne. A Zariya kuwa, wanda ya san shi ya riƙe wata taska.

A ganina, babban daɗin yana cikin hutun da kunne ke samu. Idan Shata na waƙa, hankalinmu na kan magana: wa aka yaba, wa aka yi wa habaici. A waƙar baƙi babu wannan, sai murya da jita da numfashin mawaƙi, mai sauraro ya cika sauran da abin da ke ransa. Shi ya sa ake ji kamar don mutum kaɗai aka rera ta.

Yau YouTube ya sauƙaƙa nema, amma ba duk abin da aka naɗa a wancan zamani ne ya hau intanet ba. Don haka mai tsofaffin kaset a ƙasan akwati, don Allah kada ya zubar, ya nemi mai juya su zuwa waya tun zaren bai lalace ba.