Tsokaci a kan Yadda Ake Koya wa Bahaushe "in", "on" da "at" na Ingilishi

Wannan takarda tsokaci ce a kan wata hanya da ta zama ruwan dare a takardun darasi na Ingilishi. Akan zana akwati da ƙwallo, ƙwallon yana ciki a ce "in", yana sama a ce "on", sannan a ɗiga ɗigo a ce "at". Daga nan sai malami ya jera fassara: "in" shi ne cikin, "on" shi ne kan, "at" shi ne a. Littattafai irin su English Grammar in Use na Raymond Murphy, wanda ya fara fitowa a 1985, suna amfani da zane-zane masu kama da haka, amma su an rubuta su ne domin kowa da kowa. Matsalar tana ga fassarar da aka liƙa musu.

Mu fara da "on". Kalmomin wuri na Hausa da yawa daga sunayen sassan jiki suka fito, kamar yadda Paul Newman ya nuna a nahawunsa na shekarar 2000: kan daga kai, cikin daga ciki, bakin daga baki, bayan daga baya. Saboda haka kan tana riƙe da ma'anar saman abu. Ita kuwa "on" ba ruwanta da sama, abin da take nema shi ne abu ya taɓa wani, ya kuma dogara da shi. Baturen Ingila zai ce hoto yana "on the wall", Bahaushe ya ce yana jikin bango. In ka ce masa yana kan bango, can sama zai ɗaga kai ya duba, inda ƙadangare yake shan hantsi. Haka nan Yamai tana "on the river", alhali a Hausa bakin kogi take. Kalma guda ta Ingilishi ke nan ta ci kan, jikin da bakin.

Inda jerin ya fi yin ɓarna shi ne wajen "at". A ta Hausa ba ta zaɓe, tana shiga ko'ina: a kasuwa, a Zinder, a cikin ɗaki, a kan tebur. Ɗalibin da aka ce wa ita ce "at" zai rubuta "at Niger", kuma ba za a ga laifinsa ba. A ganina abin da ya fi kusa da "at" shi ne sunan wuri tsurarsa bayan yana ko tana. Yana makaranta, wato ya tafi karatu, ko yana aji ko yana filin wasa: "at school". Yana cikin makarantar kuwa, gini ake nufi: "in the school". Bambancin nan yana bakin ɗalibi tun yana yaro, amma ba a nuna masa shi ba, sai aka ba shi ɗigo a kan allo.

Ɗalibin Nijar yana da ƙarin kaya, domin ta Faransanci yakan bi kafin ya isa Ingilishi. Faransanci na cewa "dans le bus" da "sur la photo", Ingilishi kuma "on the bus" da "in the photo". A na biyun Hausa ce za ta cece shi, tunda a cikin hoto muke cewa. A na farkon ma akwai madafa, don mukan hau mota, mu hau jirgi. Sai dai Ingilishi ya ware ƙaramar mota ya ba ta "in the car".

Wani abin da takardun ba sa faɗa shi ne su kansu masu harshen ba bakinsu ɗaya ba. Majinyaci a Ingila yana "in hospital", a Amurka "in the hospital". Mai ziyara kuwa, ko'ina, galibi "at the hospital" yake. Mu duk yana asibiti muke cewa, sai an tambaya a ji ko kwance yake ko dubiya ya je. Malamin da ya soke ɗaya daga cikin biyun farko da jan biro ya kamata ya fara gaya wa ajinsa Ingilishin wace ƙasa yake koyarwa.