Jimlar Misali da Fi'ili Mai Ɗan Rakiya: Nazari a Kan Hanyar Hornby

A shekarar 1942 ne A. S. Hornby da abokan aikinsa biyu, Gatenby da Wakefield, suka buga ƙamusunsu na masu koyon Turanci a birnin Tokyo na ƙasar Japan. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta sake buga shi a 1948, daga nan ya watsu cikin duniya har ya iso kwalejojin horon malamai na ƙasar nan. Manufarsa ita ce kada a ba ɗalibi kalma tsirara, sai a sanya ta cikin jimla domin ya ga yadda take zama da 'yan'uwanta. Babu shakka wannan hanya ta fi haddar jerin kalmomi nesa ba kusa ba. Amma akwai wurin da ƙarfinta ya gaza, watau wajen fi'ilin da ke tafiya da ɗan rakiya, irin su "take off", "put off" da "look after".

Gazawa ta fari tana wajen ma'ana. Ɗalibin da ya koyi "take off" daga jimlar da ke maganar tuɓe riga zai tsaya turus ran da ya ji an faɗe shi game da tashin jirgin sama, ko kwaikwayon wani don ba'a. Bahaushe ya san irin wannan a harshensa. Baƙon da ya haddace "ya ci tuwo" bai kama hanyar gane "ya ci amana" ko "ya ci bashi" ko "ya ci sarauta" ba. Ƙamus yakan jera ma'anonin, amma takardun aji da ake tsamowa daga cikinsa sau da yawa jimla guda suke ɗauka, ɗalibi kuwa ya zaci iyakar abin ke nan.

Har wa yau akwai dalilin da ya sa ɗan rakiyar ke kuɓuce wa Bahaushe. Hausa takan sa alamar inda aiki ya nufa a jikin fi'ili kansa: fita da fito, koma da komo, saya da sayar. F. W. Parsons ya tsara wannan cikin rukuni bakwai a 1960. Turanci kuwa yakan ɗora nauyin a kan 'yar kalma ta dabam, saboda haka ɗalibi yakan riƙe fi'ilin ya saki 'yar kalmar, alhali ita ce ke juya ma'ana.

Gazawa ta biyu ta fi wuyar gani, gama tana wajen jeren kalmomi. A dubi waɗannan: "She put off the journey" da "She looked after the child". Ƙirarsu iri ɗaya ce a ido. To, in an sa wakilin suna a gurbin sunan, sai su rabu: "put it off" ake cewa, amma "look after him". Jimlar da ta zo da suna kaɗai ta ɓoye wannan bambanci sarai, shi kuwa ɗalibi sai ya yi ƙiyasi ya ce "put off it".

An yi ƙoƙarin gyara ta wata fuska a 1987, sa'ad da John Sinclair da jama'arsa a Jami'ar Birmingham suka fito da ƙamusun COBUILD, wanda ya ɗebo misalansa daga tarin rubutu da maganar mutane da aka ajiye a kwamfuta. Ribarsa ita ce ana ganin kalmomin da suka saba zuwa tare. Amma jimlolin sukan zo da baƙin kalmomi, su ɗauke hankalin sabon shiga daga abin da ake koya masa. Misalan Hornby ƙagaggu ne, duk da haka sauƙinsu ya fi dacewa da ajin fari.

Laifin ba na jimlar misali ba ne, na ƙarancinta ne. Kamata ya yi malami ya ba kowane fi'ili irin wannan jimla uku: ɗaya da suna, ɗaya da wakilin suna, ɗaya da wata ma'ana dabam, sa'an nan ɗalibi ya ƙago tasa. Wannan ya fi zama wajibi a kwalejin horon malamai, domin wanda ya fita da "put off it" a bakinsa zai tsaya gaban aji shekara da shekaru yana koyar da ita.